Gajiyar Ƙarfe: Dalilan Karyewar Aksul a Hanyoyin Fadamar Haɗeja



Mun san akwai waɗanda suka yi mamaki da suka ga kan maganarmu a jikin allo. An saba a irin wannan zaure a tattauna siyasa, ko adabi, ko makomar ilimi, sai ga shi yau an kira jama'a domin a yi musu zancen wani guntun ƙarfe da ke ƙarƙashin mota, wanda ko direban ma ba ya ganinsa sai ranar da ya karye. Muna roƙo a yi mana uzuri, a ba mu aron kunnuwa na ɗan lokaci. Da yawa daga cikinmu kuɗin makarantarmu daga fadama yake fitowa, daga tattasai da shinkafa da alkama da kifi, kuma babu buhu ɗaya da ke isa kasuwa ba tare da ya hau kan wannan ƙarfe ba.

Wata shekara, da ruwa ya fara janyewa bayan damina, mun shiga wata akori-kura daga wani ƙauye na gabashin Haɗeja. An cika ta da buhunan tattasai har sun haura kan direba, mu kuma muna zaune a bisa kaya. Muka iso wani mashigi inda ruwa ya kwanta, motar ta kafe, direba ya sa giya ɗaya ya taka totur, tayar baya ta hagu ta yi ta wulwulawa tana watsa taɓo. Yaron mota ya kawo itace da ɓaraguzan bulo ya cusa a ƙarƙashinta. Taya ta kama, muka ji wata ƙara kamar an harba bindiga, daga nan inji ya ci gaba da kuka amma mota ba ta motsa ba. Kwana 2 aka yi kafin a samo wani ƙarfen daga Kano a ɗaura, kuma kafin nan rabin tattasan ya narke a cikin buhu. Da makanike ya zaro karyayyen, sai ya nuna mana bakinsa ya ce ƙarfen ne ya tsufa. Mun ɗauki wannan magana a matsayin amsa, har sai da karatu ya nuna mana cewa akwai sauran bayani a bayanta.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai. Abin da makanikai ke kira aksul shi ne doguwar kwarkwaron ƙarfen nan da ke kwance tsakanin tayoyin baya, mai ƙullutu a tsakiya kamar tulu. Ƙarfin inji yana bi ta giyabos, ya bi ta farfela, ya shiga cikin wannan tulu, inda wasu giyoyi ke karkatar da shi su raba shi biyu. Daga tulun akwai sanda guda da ta nufi tayar dama, guda kuma ta nufi ta hagu. Waɗannan sanduna su ne shaf. Bakin kowannensu na ciki yana da haƙora a jere waɗanda ke shiga cikin giya, na waje kuma yana ƙarewa da faifan ƙarfe. In mutum ya ce aksul ɗinsa ya karye, sau da yawa shaf yake nufi.

Iri biyu ne aka fi gani a hanyoyinmu, kuma bambancinsu ya shafi rai. A ƙananan motoci da yawancin akori-kura, taya a jikin shaf ɗin kansa ake ɗaura ta, boris guda ɗaya ne ke tallafe da shi. Watau sanda ɗaya ce ke juya taya, ita ce kuma ke ɗauke da nauyin kaya. In ta karye a wajen boris, taya sai ta fice da gangar birkinta, motar ta durƙusa ko ta kife. A manyan motoci kuwa, irin su roka da tirela, taya tana zaune ne a kan kwarkwaron aksul bisa boris biyu, aikin shaf murɗawa kawai. Ana gane wannan iri da wani kan ƙarfe da ya turo daga tsakiyar tayar baya, kewaye da notuna. In shaf ɗinsa ya karye mota za ta tsaya, amma taya tana nan daram, har ana iya zare shi ba tare da an ɗaga motar da jak ba.

Sai kuma yawan ƙarfin da sandar ke sha. Giya ba ta ƙara wa inji ƙarfi, abin da take yi shi ne ta rage gudu ta mayar da shi ƙarfin murɗa. Alal misali, a akori-kura giya ɗaya takan ninka murɗar inji kimanin sau 4, giyoyin cikin tulu su sake ninkawa sau 4 ko 5. Kafin ƙarfin ya isa tayoyi ya zama ninki 16 zuwa 20 na abin da ya fito daga inji. In motar mai jan ƙafa huɗu ce aka sa mata ƙaramar giya ta cikin yashi, sai a sake ninkawa kusan sau 2. Wannan ne ya sa ba kasafai shaf ke tsinkewa a kan kwalta ana tsala gudu ba. A wurin tashi yake tsinkewa, da kaya, a giya ɗaya ko ribas.

To, a dubi ƙasar da muke ciki. Sunan jiharmu ma, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, daga jigawa ya samo asali, watau tudun yashi. Daga Haɗeja zuwa Nguru jigayi ne a jere, tsakaninsu kuma kwari ne mai baƙar laka inda kogi ke rarrabuwa ya bazu. Direban da ya taso daga cikin Guri ko Kiri Kasamma ko Auyo zai yi fama da yashi mai nutsar da taya, ya sauka ya yi fama da laka mai santsi, duk a tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa ya sauya. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ruwan ya koma yana kwanciya a wuraren da a da suke bushewa da rani. Ga kuma manyan ambaliya, irin na 2018 da 2020 da 2022, da suka ci gonaki suka yanke hanyoyi a wannan masarauta. Amfanin gona kuwa ba ya jiran hanya ta bushe. Tumatir da tattasai da ɗanyen kifi in sun kwana biyu sun tashi daga dukiya, saboda haka dole mota ta shiga inda bai kamata ta shiga ba.

Abin da ya faru da motarmu a mashigin nan yana da bayani. An ƙera giyoyin cikin tulu ne domin su bar taya ɗaya ta fi ɗaya gudu in ana shan kwana. Amfani ne a kan kwalta, amma a cikin taɓo illa ne, domin in taya ɗaya ta tsaya cik, ɗayar sai ta yi ta juyawa da gudu ninki biyu. Taya mai nauyi ce ke wulwulawa, ga farfela da inji duk suna gudu a bayanta. Da zarar ta dafe busasshiyar ƙasa ko bulo, sai ta tsaya cikin ƙiftawar ido, alhali abin da ke bayanta bai tsaya ba. Duk wannan ƙarfin da ya taru ba shi da wurin zuwa sai jikin shaf. Haka nan direban da ke jijjiga mota, ya sa giya ɗaya ya saki kuloci da ƙarfi, ya sa ribas ya sake saki, murɗa sandar yake yi dama da hagu kamar mai wanki yana matse zane.

Abin mamaki shi ne, waɗanda suka fi kowa nazarin irin wannan karaya wasu masu wasa ne a Amurka. Suna da wani tseren motoci na gajeren zango, inda motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, a kunna musu fitila, su tashi a miƙe zuwa mita 402. Ƙungiyar da ke kula da wasan, NHRA, wani mai suna Wally Parks ne ya kafa ta a 1951. Motocin da suka fi ƙarfi a cikinsu suna da ƙarfin doki kimanin 11,000. Tun 2008 aka rage musu zangon zuwa mita 305 saboda haɗari, kuma suna cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa 4, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Tayoyinsu faffaɗa ne marasa zane, ana kuma fesa wa filin wani abu mai danƙo domin kada taya ta zame. Ma'ana da gangan suke yin abin da yaron motarmu ya yi da bulo: su tara ƙarfin inji, su sake shi gaba ɗaya a kan tayar da ba za ta sulɓe ba. Yawancinsu suna kulle tayoyin baya su riƙa juyawa tare, don haka in shaf guda ya karye, ɗayan sai ya tunkuɗa motar ta nufi bango.

Saboda tsoron haka suka kafa dokoki. Motar da ke gama mita 402 cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka, wajibi ne a cire mata shaf ɗin da ta zo da shi daga masana'anta a sa wanda aka ƙera domin tsere, a kuma sa abin da zai riƙe taya ko da sandar ta karye. Suna ƙidaya haƙoran bakin shaf, 28 ko 31 ko 35 ko 40, domin yawan haƙora yana tafiya da kaurin sanda. Da yawansu suna rubuta yawan tashin da kowane shaf ya yi, in adadi ya cika su ajiye shi ko da ido bai ga aibu ba. Akwai kuma wata dabara tasu mai sauƙi da za mu dawo kanta nan gaba. Ba muna sha'awar wasan ba ne. A ganinmu ɓarnar mai ce da ta dukiya. Amma mutumin da ke karya ƙarfe da kuɗinsa kowane mako, yana kuma rubuta abin da ya gani, ya cancanci a saurare shi.

Duk da haka, murɗa ɗaya ba ta cika karya lafiyayyen shaf ba. Mafi yawa akwai tsohon ciwo a jikinsa, kuma jirgin ƙasa ne ya fara koya wa duniya wannan. Ranar 8 ga Mayu 1842, wani jirgi ya taso daga Versailles zuwa birnin Faris a Faransa, cike da mutanen da suka je kallon biki. A kusa da Meudon aksul ɗin kan jirgin ya karye, taragai suka hau kan juna, wuta ta kama, ga ƙofofi a kulle kamar yadda aka saba a lokacin. Aƙalla mutum 55 suka mutu. Masana da yawa na zamanin suka ce ƙarfe ne ke sauya hali in ya daɗe yana aiki, ya bushe ya zama kamar gishiri, wanda kusan shi ne abin da makanikenmu ya faɗa. A 1843 wani injiniya ɗan Sikotilan, William Rankine, ya duba karyayyun aksul da dama ya nuna cewa tsaga ce ke farawa ƙarama daga inda aka yi wa sandar kafaɗa mai kaifi, ta yi ta ci sannu a hankali. Ya ba da shawara a riƙa lanƙwasa irin wannan kusurwa maimakon a yanke ta tsaye.

Wanda ya auna abin da lissafi shi ne August Wöhler, Bajamushe, injiniyan jirgin ƙasa. Ya ƙera na'urar da ke juya sandar ƙarfe da nauyi rataye a bakinta, yana ƙidaya juyi har ta karye. Ya shafe shekaru yana wannan aiki, aka nuna samfurinsa a baje kolin Faris na 1867, ya tattara sakamakonsa a 1870. Abin da ya gano shi ne, nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi in aka yi ta ɗorawa ana saukewa. In nauyin ya yi yawa juyi kaɗan ya isa, in ya ragu sai juyin da ake bukata ya ƙaru ƙwarai. Akwai kuma wata iyaka, wajen rabin abin da zai tsinka ƙarfen kai tsaye, wadda in ba a haura ta ba sumul ɗin ƙarfe zai yi ta juyi miliyoyi bai gaza ba. Wannan ciwo shi ake kira gajiyar ƙarfe. Kada a ɗauka tsohon labari ne: ranar 29 ga Yuni 2009, a garin Viareggio na Italiya, aksul ɗin wani taragon iskar gas ya karye ta wannan hanya, gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 32.

Mu kawo lissafin gida. Shaf ɗin akori-kura mai ɗauke da kaya yana ɗan lanƙwasa kaɗan, abin da ido ba ya gani. Gefen da ke shan ja yanzu, in taya ta yi rabin juyi shi ne zai koma yana shan matsa. Daidai yake da yadda yaro ke karya waya, ya lanƙwasa nan ya lanƙwasa can. In kewayen taya ya kai mita 2, za ta juya sau 500 a kowace kilomita. Daga Haɗeja zuwa Kano kusan kilomita 200 ne, watau juyi 100,000 a zuwa, 200,000 a zuwa da dawowa. Sawu 5 kacal sun ba da miliyan guda. Motar da ake ɗora wa kayan da suka tura shaf ɗinta sama da iyakar Wöhler tana iya cinye kwanakin ƙarfen a cikin kaka ɗaya, alhali 'yar'uwarta da aka saya rana ɗaya da ita za ta shekara 20 da nata.

Karyayyen ƙarfe yana ba da labarin kansa ga wanda ya iya dubawa, kuma muna so kowane ɗalibin injiniya a nan ya koyi wannan karatu. A goge bakin karayar a duba. Sau da yawa za a ga kashi biyu. Kashi ɗaya sumul ne, ya ɗan yi duhu, da layuka masu lanƙwasa a jere, kamar shatar da ruwa ke bari a gaɓar kogi in yana janyewa da kaka. Wannan ita ce tsagar da ta yi wata da watanni tana tafiya, kuma in aka bi layukan baya za su kai mutum ga ɗigon da ta faro. Ɗaya kashin garas-garas ne mai ƙyalli, shi ne abin da ya rage ya tsinke a mashigi. In sumul ɗin ya cinye yawancin fuskar, to, kayan ba su yi yawa ainun ba, wani rauni ne ya daɗe yana ci. In ɗan kaɗan ne, to, an yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta. In kuwa babu layuka sam, fuskar ta shafe kamar an murza ta, haƙora kuma sun karkace, murɗa ɗaya ce ta gama da shi. Wanda ke da alli a aljihu ya murɗa shi har ya karye, zai ga karayar ta tafi a karkace kamar zaren igiya. Haka tsagar murɗa ke tafiya a jikin ƙarfe mai tauri.

Ɗigon da tsaga ke farowa kusan kullum a fatar sanda yake. Dalili kuwa, in ana murɗa sanda, fatarta ce ke shan wahala mafi yawa, cibiyarta ba ta shan komai. Shi ya sa masu tseren can ke huda tsakiyar shaf domin rage nauyi ba tare da sun yi asarar ƙarfi mai yawa ba. Masana'anta kuma fatar take gasawa ta taurara, ta bar cikin da ɗan laushi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk abin da ya ƙwarzani wannan fata ya buɗe ƙofa, ko sarar kurfi ce, ko gurbin da boris ya ci, ko ɗigon tsatsa.

A nan ne ruwan fadama ke shigowa. Aksul yana zafi in ya yi tafiya, kuma yana da ɗan bututun numfashi a samansa. In aka tsoma shi cikin ruwa mai sanyi, iskar da ke ciki sai ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta bututun ko ta bakin robar da ke tare mai. Man giya ya gauraya da ruwa ya zama kamar kunu, boris ya fara tsatsa, laka ta shiga ta zama kamar garin wasa wuƙa. Abin da ya fi muni, iyakar nan da Wöhler ya gano ta busasshen ƙarfe ce. Ƙarfen da ke aiki cikin tsatsa ba shi da irin wannan iyaka, ko da ƙaramin nauyi ne wata rana zai gaza. Maganin wannan ba shi da tsada. A sa wa bututun dogon tiyo a ɗaure bakinsa can sama a jikin bodi, a kuma kwance notin ƙasa a duba launin mai duk lokacin da aka ratsa ruwa mai zurfi.

Game da gyara, dole mu faɗi gaskiya ko da makanikanmu, waɗanda muke girmama basirarsu, ba za su ji daɗi ba. Ƙarfin sanda wajen jure murɗa yana bin kaurinta ne ninki uku a lissafi, watau kauri sau kauri sau kauri. Shaf mai kaurin milimita 30 in aka sassaƙe shi ya koma 27, an rage kashi 10 cikin 100 na kauri, amma kashi 27 cikin 100 na ƙarfi ne ya tafi, ban da taurarriyar fatar da aka kankare. Cire tsohon boris da wutar walda yana kashe gashin da masana'anta ta yi. Ɗinke karyayyen shaf da walda kuwa, in don a fitar da mota daga daji zuwa gari ne babu laifi, amma a mayar da shi bakin aiki a ɗauki fasinja ganganci ne. Haka kuma kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai: shaf ɗin yana iya yin kyau a ido, amma babu wanda ya san miliyan nawa ya riga ya juya. Araha ba ta ado.

Sai babbar magana, watau obalodi. Ba za mu tsaya a nan mu zagi direba ba. Buhu-buhu ake biyansa, mai mota yana jiran balas da yamma, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin mai da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo. In ya ɗauki abin da littafin mota ya ce, ba zai mayar da kuɗin mai ba. Amma ƙarfe ba ya jin uzuri. Boris mai ƙwallaye in aka ninka masa nauyi sau 2, kwanansa yakan ragu zuwa kashi 1 cikin 8. Hanya ma haka. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa aksul mai nauyi ninki 2 yana yi wa kwalta ɓarna kimanin ninki 16. Ramin da babbar mota ta haƙa, shi ne ƙaramar mota za ta faɗa da kayanta ta ƙara wa tsagar shaf ɗinta tsawo. Ƙungiyar ECOWAS ta amince a 2012 cewa kada aksul guda mai jan mota ya ɗauki fiye da tan 11.5, sai dai doka ba ta aiki in babu ma'auni a bakin hanya. Kakanninmu sun ga lokacin da layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ke kwashe gyaɗa daga tashar Malam Madori. Da harkar jirgi ta ja baya, duk wannan nauyi ya sauko kan taya.

Mun yi alkawarin dawowa kan dabarar masu tsere. In sun sayi sabon shaf, sai su ja miƙaƙƙen layi da fenti daga wannan baki zuwa wancan. Duk sanda suka zare shi sai su dubi layin. In ya fara karkata, ƙarfen ya murɗe ke nan bai koma daidai ba, sai a sauke shi tun bai yi ɓarna ba. Da fenti ake ja, ba da ƙusa ba, domin kada garin neman gira a rasa ido. Akwai wata dabarar da ta girme ta, wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da ita fiye da shekara 100 da suka wuce. A wanke ƙarfe, a jiƙa shi da baƙin mai da aka tsinka da kananzir, a bar shi ya sha, a goge shi tas, a shafa masa garin alli da aka dama a bari ya bushe, sa'an nan a ɗan buga shi da guduma. In akwai tsaga, man da ya ɓuya a ciki zai fito ya zana baƙin layi a kan farin alli. Manyan masana'antu yanzu suna amfani da maganaɗisu da ruwan launi, amma ga manyan tsagogi tsohuwar hanyar tana nan tana aiki, kuma babu garejin da ya rasa kananzir da alli. Wuraren da za a fi sa ido su ne gindin haƙora da kafaɗar da boris ke zama.

Ku kuma 'yan'uwa da kuka fara aikin gwamnati, da mu da za mu bi sahunku, wani kaso na wannan al'amari yana kan teburinku. Ku ne za ku rubuta takardar sayen motar asibiti ko ta malaman gona da za ta yi aiki a cikin fadama, kuma a cikin takardar kuna da ikon faɗin irin aksul ɗin da ake so, maimakon launin fenti da laushin kujera. Ku ne za ku sa hannu a karɓi kayan gyara a sito. In motar ofis ta karya shaf, kada a bar guntayen a daji. A kawo su, a duba fuskar karayar, a rubuta a littafin motar ko lodi ne, ko ruwa, ko gyaran da aka yi mata a baya. Ofishin da ya tara irin wannan bayani na shekara 3 zai san mashigin da ke cinye masa motoci, kuma zai iya zuwa gaban masu kasafin kuɗi da hujja ya nemi kwalbati guda da tifa kaɗan na tsakuwa a daidai wurin. Ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai a Kwalejin Binyaminu Usman ta Haɗeja, ko a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ba sai sun je nesa ba: garejojin garin cike suke da karyayyun shaf da ake jira a sayar wa masu gwangwan, kowanne da tarihinsa a rubuce a bakinsa.

Aksul ɗin akori-kurar da muka ba ku labari bai tafi bola ba. Da motar ta gama yayinta, wani maƙeri ya saye shi, ya zubar da giyoyin cikin tulu, ya ɗora masa katako ya mayar da shi amalanken shanu, kamar yadda ake yi wa yawancinsu a ƙasar nan. A wannan aiki babu inji a bayansa, babu mai sakar masa kuloci, kuma juyin da yake yi a wata guda bai kai na sawu ɗaya zuwa Kano ba. Da muka koma ƙauyen bara mun same shi yana fito da buhunan shinkafa ta cikin mashigin nan, bijimai biyu suna ja, ruwa har gwiwarsu.

Shugaba, a nan za mu dakata domin a samu lokacin tambayoyi.